Gidan da anka kawo Yamai cikin jirgin sama: darasi ga masu neman gida mai sauƙi a Arewa



Tun damanar 2024 maganar gida ba ta bar bakin mutane ba. A waccan shekara ruwa ya yi ɓarnar da ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya a faɗin Nijar, an rasa rayuka fiye da 300, har tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya faɗi a watan Satumba. Daga nan ne bidiyoyi sunka yawaita cikin wayoyinmu: a ga babbar mota ta sauke wani abu kamar kwantena, mutum huɗu ko biyar su buɗe shi kamar akwatin amarya, kafin la'asar ga ɗaki biyu da falo da makewayi. Ana ƙera su a masana'antun Chaina da Turkiyya, kuma masu talla na cewa sun fi ginin bulo araha. Samarinmu na tambaya: to mu mi ya hana mu? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta na da tarihi, don an taɓa gwada wannan dabara a ƙasarmu shekaru sama da 70 da sunka wuce.

Yadda abin ya faro

Dabarar ƙera gida a wani wuri a kai shi wani wuri ta daɗe. Tsohon gidan gwamnati na Kalaba a Najeriya, wanda ake kira Old Residency, a Birtaniya anka yanka katakansa, anka ɗauko su a jirgin ruwa, anka haɗa a 1884, kuma har yau yana tsaye. A Amurka kamfanin Sears ya sayar da gidaje kusan 70,000 tsakanin 1908 da 1940, mutum ya zaɓa cikin littafin talla, a aiko mashi da katako da ƙusa ta jirgin ƙasa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Birtaniya ta kakkafa ƙananan gidaje haɗaɗɗu fiye da 150,000 don waɗanda bama-bamai sunka rusa wa muhalli. Wasu daga cikinsu ma masana'antun jiragen yaƙi ne sunka ƙera su da alminiyom, wannan farin ƙarfe maras nauyi da maƙeranmu ke narkewa su zuba tukwane.

A Faransa, mutumin da ya yi suna a wannan aiki shi ne Jean Prouvé. Asalinsa maƙeri ne, ɗan birnin Nansi, an haife shi a 1901. A 1944 ya ƙera ƙananan gidaje masu mita 6 a kan 6 don mutanen yankinsu da yaƙi ya bari a fili. Da ya buɗe babbar masana'antarsa a Maxéville, kusa da Nansi, sai ya fara tunanin ƙasashen da Faransa ke mulka. Yamai a lokacin sabon babban birni ne, don sai a 1926 anka ɗauke hedikwatar mulki daga Damagaram anka maido ta bakin kogi. Ana buƙatar makarantu da ofisoshi da gidajen ma'aikata, kuma siminti da katako duk daga bakin teku suke tahowa, tafiyar kilomita kusan 1,000. Wani mai zanen gine-gine, Paul Herbé, wanda ke aikin tsara Yamai, shi ya jawo Prouvé cikin lamarin.

Gidan Yamai na 1949

A 1949 anka ƙera gidan, anka sa mashi suna Maison Tropicale, ma'ana gidan ƙasashen zafi. An fara kafa shi a Paris don mutane su gani, sa'annan anka kwance shi anka loda a jirgin sama zuwa Yamai, inda anka ɗora shi bisa daɓen siminti. An yi shi ne don wani babban ma'aikacin ilimi na gwamnatin mulkin mallaka.

Duk wanda ya dubi hotunansa zai yarda an yi tunani wajen ƙirarsa. Ginshiƙansa na ƙarfe ne, bango da rufi na alminiyom. Kowane yanki an yi shi shimfiɗaɗɗe yadda zai shiga cikin jirgi, kuma ba ya da nauyin da zai gagari mutum biyu. Rufinsa hawa biyu ne, da sarari tsakani, ga wata kafa a ƙololuwa inda iska mai zafi ke fita sama. An zagaye shi da baranda da wasu faifan ƙarfe masu karkatawa, don kada rana ta taɓa bangon ciki. Manufar ita ce in ya yi kyau a ƙera ɗaruruwa, farashi ya sauko.

Hakan bai samu ba. Bayan na Yamai, biyu kaɗai anka ƙara, waɗanda anka kai Barazabil ta Kongo a 1951. Da anka yi lissafin alminiyom da ladan ma'aikatan Faransa da kuɗin jirgi, sai gidan ya fi ginin da ake yi da kayan wurin tsada. Su kansu nasarun da anka yi dominsu ba su so shi ba, sun fi son gidan bulo mai kauri irin na bariki. Shirin ya mutu a gida uku.

Gidan Yamai ya zauna shekara 50 yana tsufa, babu mai kula da shi. A shekara ta 2000 wani dillalin kayan tarihi ɗan Faransa, Eric Touchaleaume, ya zo ya saye gidajen ukun, ya kwance su ya maida su Turai. A watan Yuni na 2007 kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da babban na Barazabil a Niyok a kan dalar Amurka kusan miliyan 5, abin da ya haura sefa miliyar 2 a canjin lokacin. Ɗayan na Barazabil yana hannun gidan kayan tarihi na Centre Pompidou a Faransa. A Yamai kuwa daɓen simintin ne ya saura. Wani malami ɗan Mali, Manthia Diawara, ya yi fim a kan wannan labari a 2008, inda ya bi sawun wuraren da gidajen sunka tsaya.

Ku dubi wannan al'amari da kyau. Gidan da anka ƙera da sunan araha, talakan Nijar ko ɗaya bai taɓa iya sayen irinsa ba, kuma ranar da ya yi daraja, wasu can sunka ci ribar.

Mi ya sa a Amurka yake araha?

Wani zai ce ai a Amurka mutum kusan miliyan 20 na zaune cikin gidajen masana'anta. Gaskiya ne. Amma arahar tasu na da ƙafafu. Masana'antar na cikin ƙasar, da kuɗin ƙasar ake biya, hanyoyi masu faɗi na kai gidan har inda za a aje shi, akwai bashin banki na shekaru, kuma tun 1976 gwamnatin tarayya ta kafa ƙa'idar ingancin da kowane mai ƙira zai bi. Duk da haka suna da nasu ciwon kai: da yawa sun mallaki gidan amma filin na haya ne, in mai fili ya ƙara kuɗi ba su da yadda za su yi, don ɗauke gidan na cin kuɗi mai yawa.

Yanzu mu ɗauko lissafin mu kawo shi Tibiri. Farashin da ake nunawa a bidiyo na bakin masana'anta ne. Sai an biya jirgin ruwa zuwa Kotonu ko Lome, a biya tashar ruwa, a biya babbar mota, a biya duwan, sa'annan a sauka daga kan gudron a bi hanyar da za ta kai ƙauye. Dattawanmu na tune da Janairun 1994, ranar da anka karya darajar sefa da rabi, kayan waje sunka ninka a dare ɗaya. Kuma dukanmu mun ga abin da ya faru bayan Yulin 2023, da iyakar Benin ta rufe, kaya sunka koma zagayowa ta Togo da Burkina. Duk abin da rayuwarsa ta rataya ga tashar ruwan wata ƙasa, arahar tasa ta aro ce, kuma an ce zanen aro ba ya rufe katara.

Sai maganar gyara. In bangon laka ya tsage, magini na nan cikin unguwa, ƙasa na nan bayan gari. In faifan gidan masana'anta ya lanƙwashe, ko robar da ke tsakanin faifai ta bushe da zafin watan Afrilu, wa zai gyara, kuma a wace kasuwa za a samu irinsa? A nan ne gidan Yamai ya tsufa ba magani.

Wannan ba ya nufin irin waɗannan gidaje ba su da amfani sam. Wajen gaggawa suna ceto. Hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya na amfani da wani ƙaramin ɗaki haɗaɗɗe da gidauniyar IKEA ta taimaka anka ƙirƙiro, mai faɗin murabba'in mita 17 da rabi, wanda mutum huɗu ke haɗawa cikin yini guda. Amma masu shi da kansu shekara uku sunka ƙiyasta mashi. Mafaka ce ta wanda bala'i ya koro, ba a yi ta don a bar wa ɗiya gado ba.

Abin da kakanninmu sunka riga sunka sani

In munka dubi yadda ake gini a Arewa tun kafin Sarauniya Mangu ta tari sojan Voulet da Chanoine a Lugu a 1899, za mu ga dabarar haɗa gida daga kayan da anka shirya tun farko ba baƙuwa ba ce gare mu. A ƙasa ake ɗaure jinka, a jera tanka, a baibaye ta da shibci, sa'annan a kira gayya a ɗaga ta a ɗora bisa kago. In iyali za su tashi, jinkar na iya bin su. Zana kuwa da gamba ake saƙa ta da rani, a naɗe a kai kasuwa, mai buƙata ya saya ya kafa danga cikin yini ɗaya. Tubali ana buga shi a bakin kududdufi watanni kafin a fara gini, a jera ya bushe. Azara daga giginyar dallol take zuwa a tsage, tsawonta sananne, kuma shi ke yanke wa magini faɗin shigifa. Masana'antar tana nan, sai dai a warwatse take cikin hannuwan mutanen gari, kuma kuɗin da anka kashe a gari yake kwana.

Abin da ya taɓa wannan tsari sananne ne. Fari na shekarun 1970 da na 1984 ya cinye itatuwa. Giginyar Dallol Mawri ta wajen Gaya ta ragu har hukuma ta sa mata tsaro, azara ta yi tsada. Gonaki sun cinye dajin da ake yankan gamba da shibci. Samarin da ke yin gayya da yaɓen shekara suna Legas, Kotonu, Abijan ko Libiya da rani, daidai lokacin da gini ke son hannu. Da sunka dawo da kuɗi, kwano da bulo sunka zama shaidar cewa bida ta yi albarka. Ba mu ga laifin kowa ba, kwano ba ya son baibaya duk shekara kuma gara ba ta cin shi. Sai dai kowa ya san yadda ɗakin kwano maras silin yake a watan Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40: tsofaffi da jarirai a waje suke wuni.

Hanyar da wasu sunka bi

Bayan gidan Prouvé an yi ta neman mafita, kuma waɗanda sunka fi kusa da nasara su ne waɗanda sunka kawo dabara sunka bar kayan gini na wurin.

A 1980, a Cikal ta ƙasar Filinge, ƙungiyar Development Workshop ta fara koya wa magina gini ba da itace ba: rufin ƙubba da na baka da tubalin laka zalla, dabarar da ta samo asali daga Nubiya ta ƙasar Masar. Daga nan ta bazu zuwa wasu sassan Nijar, da Mali da Burkina. Ba a buƙatar azara ko kwano, ana buƙatar magini da ya ƙware da kuma kula da rufi kafin damana.

A Yama ta jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara ginin masallacin Juma'a da laka a 1962, kuma a 1986 ginin ya ci kyautar Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan gine-gine na duniya. Mutanen gari ne sunka ɗebo ƙasa da ruwa.

Akwai kuma bulon ƙasa matsattse. Tun shekarun 1950 anka ƙirƙiro wani ƙaramin inji na hannu a Kolombiya, mai suna CINVA-Ram, wanda ke matse jar ƙasa da anka gauraya da ɗan siminti kaɗan ta fito bulo mai kaifin gefe, mai jure ruwa fiye da tubalin hannu. Ba ya son lantarki, ba ya son itacen gashi. Da irin wannan bulo ne ƴar ƙasarmu Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta sunka gina gidaje shida masu bene a Yamai a 2016, aikin da ake kira Niamey 2000, sa'annan a 2018 ita da Yasaman Esmaili sunka kammala sabon masallaci da ɗakin karatu a Dandaji. A Gando ta Burkina, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga kwanon sama bisa ƙarafa ya bar sarari tsakaninsa da silin don iska ta ratsa. Wannan ita ce dabarar rufi biyu da ke jikin gidan Yamai na 1949, amma a Gando da rodi da kwanon kasuwa da hannun mutanen gari anka yi ta. A 2022 Kéré ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker.

Gwamnati ma ta gwada nata. Kamfanin SONUCI ya gina unguwannin ma'aikata tun bayan samun ƴancin kai, an buɗe Bankin Gidaje a 2018, masana'antar siminti ta Malbaza na aiki tun shekarun 1960, kuma bayan ambaliyar 2024 hukuma ta rage farashin siminti. Amma bashin gida na banki mai albashi yake nema. Manomin gero da wake a Dumega ba ya da takardar albashi, shi gidansa ɗaki-ɗaki yake tashi, bana ɗaya, baɗi ɗaya, gwargwadon abin da kaka ta bari da abin da ɗa ya aiko. Duk shirin gida mai sauƙi da bai dace da wannan tafiya ba, ba zai iso gare shi ba.

To ina mafita gare mu?

Kada mu rufe ido ga gaskiya: gidajen laka ne sunka fi faɗuwa da damana. Amma in an bi su ɗaya-ɗaya, dalilan kusan iri ɗaya ne. An yi gini a kan hanyar ruwa ko cikin kwari don fili ya yi wuya. Ba a yi tushe ba, ruwan da ya kwanta ya jiƙa gindin bango ya cinye shi daga ƙasa. Indararo ya toshe ko ya yi gajere yana zuba a jikin bango. An bar yaɓe shekara uku ba a sabunta ba, ko an shafa siminti kai tsaye bisa laka, ya kumbura ya ɓoye ruwa a ciki. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya buƙatar gida daga Chaina kafin a magance shi.

Abin da tarihin nan ke nuna mana shi ne a raba gida gida biyu. Abu mai nauyi, wato bango, a yi shi da ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarmu, bisa tushen dutse ko bulon siminti da ya kai gwiwa. Dutse ba ya wuya a ƙasar da garinta ke amsa sunan Dogon Dutsi. Abu maras nauyi mai son daidaito, wato ƙofa, taga, ƙarafan rufi da indararo, shi ne ya dace a ƙera tun farko, kuma masu waldarmu na bakin hanya a Dutsi da Kore Mairuwa sun riga sun iya. Abin da ya rage shi ne su da magina su daidaita a kan awo ɗaya, yadda mutum zai sayi ƙofa bana, ƙarafan rufi baɗi, kuma su dace da juna ranar haɗawa. Inji ɗaya na matse bulo, in ƙungiyar matasa ko ta ƴan bida ta haɗa kuɗi ta saya, zai iya zagaya ƙauyuka da rani, ya ba samari aikin da zai rage masu tafiya. Magadan gari kuma nasu shi ne su hana yanka filaye a kan hanyar ruwa, su sauƙaƙa wa mutane takardar fili, don gida komi kyansa in filin na da rikici mai shi ba ya barci.

Wanda kuma ya ga yana da hali, yana son gidan masana'anta don shago ko ofis ko masaukin baƙi, ba mu hana shi ba. Amma kafin ya tura ko dala, ya tambayi mai talla: nawa ne farashin in an sauke shi a Tibiri, da duwan da mota da tushe? Shekara nawa anka ba shi, kuma a rubuce? In wani yanki ya lalace ina ake samun shi? Akwai irinsa da ya yi bazara uku a Nijar da za a je a shiga da tsakar rana a ji? Gani ya kori ji. In ya kasa amsa waɗannan, a riƙe kuɗin a aljihu.

Muna kira ga ƴan'uwanmu na waje masu aiko da kuɗin gini, kafin ku ce a saya kwano da bulo, ku sa a zauna da tsofaffin maginan unguwa a ji ta bakinsu. Akwai shigifu a garuruwanmu da sunka ga damana 50 suna tsaye, kuma waɗanda sunka gina su wasu na nan da rai. Wanda ya san irin wannan gini a ƙauyensu, ko magini da ya koyi rufin ƙubba ko matse bulo, ya sanar da mu don sauran jama'a su amfana. Ku isar da wannan ga waɗanda ba su karatu, ku karanta masu a majalisa.

Allah shi ba kowa muhallin da zai rufa mashi asiri, shi kai mu damana lafiya.